Gini a Filin Aro: Twitter da Masu Ƙirƙirar Manhaja, 2006 zuwa 2023

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar zamani ya san wannan motsin: ka ɗora babban yatsa a kan gilashi, ka ja ƙasa, ka saki, sai wata 'yar alama ta yi juyi, sababbin saƙonni su zubo. Yau Facebook da Instagram da akwatin imel duk haka suke aiki, har mutum ya ɗauka da shi aka ƙera waya tun asali. Wanda ya ƙago shi wani matashi ne ɗan Amurka mai suna Loren Brichter, wanda ya saka shi a 2009 cikin manhajarsa Tweetie. Ya haɗa ta ne domin masu iPhone su riƙa karanta Twitter, a lokacin da Twitter ɗin kansa ba shi da manhajar iPhone ko guda. A shekarar da ta biyo kamfanin ya saye Tweetie ya liƙa mata sunansa. Kusan shekara goma sha uku bayan haka, a dare ɗaya, kamfanin ya kashe manyan manhajoji irinta da suka rage a hannun wasu, ba tare da ya aika wa masu su ko layi guda na gargaɗi ba.

Sai an fahimci ƙofar da ake rigima a kanta kafin labarin ya fito sarari. Kowane dandalin sada zumunta yana da rumbu inda yake tara saƙonni da hotuna da lissafin wa ke bin wa. Jama'a suna shiga ta ƙofar gaba, wato shafin kamfanin ko manhajarsa. Akwai kuma ƙofar gefe da masu sana'ar ke kira API, wadda manhaja ce ke bi ta cikinta a madadin mutum: ta miƙa shaidar izini, ta nemi saƙonnin wane na baya-bayan nan, rumbun ya miƙo mata, ita kuma ta jera su yadda mai ita ya tsara. Makullin ƙofar nan yana hannun kamfani shi kaɗai. Abin da tarihin Twitter ya nuna, a ganina, shi ne buɗe ta da rufe ta sun fi bin inda kuɗin kamfanin ke fitowa a kowane lokaci fiye da ƙa'idar da ke rubuce, ita ƙa'idar sai daga baya ake gyara ta don ta dace. Laifin da ke cikin wannan kuwa na amana ne: an gayyato mutane sun yi gini, an mori gininsu, aka kuma riƙe ikon rushe shi ba wa'adi ba diyya.

An buɗe Twitter ga jama'a a Yulin 2006 a San Francisco, kuma a Satumbar shekarar aka buɗe ƙofar API kyauta ga duk mai so. Bukata ce ta kawo wannan karamcin. Kamfanin ƙarami ne, ma'aikata 'yan kaɗan, kwamfutocinsa kuma sai durƙushewa suke yi duk lokacin da jama'a suka yi yawa, don haka ba shi da hannun da zai yi komai da kansa. Na waje ne suka cike gurbin. A Janairun 2007 wani ƙaramin kamfani na jihar Karolina ta Arewa, Iconfactory, ya fitar da Twitterrific, manhajar karanta Twitter. A cikinta aka fara kiran saƙon Twitter da kalmar tweet, ita ta fara amfani da shuɗin tsuntsu a matsayin tambari kafin kamfanin ya yi nasa, ita kuma ta fara ƙirga wa mai rubutu haruffan da suka rage masa cikin 140. Alamar # da ake haɗa maudu'i da ita, wani mai amfani da shafin ne, Chris Messina, ya kawo shawararta a Agustan 2007. Binciken saƙonni wani kamfani ne mai suna Summize ya gina shi, Twitter ya saye shi a 2008. Hoto ma ba ya shiga Twitter a wancan lokacin sai ta shafukan waje irin su TwitPic, shi ya sa a Janairun 2009, da jirgin saman fasinja ya yi saukar gaggawa a kogin Hudson na New York, hoton da ya zagaye duniya, na fasinjoji tsaye a kan fikafikan jirgi a tsakiyar ruwa, ta TwitPic ya fito. 'Yan jarida kuwa TweetDeck suka kama, wadda wani ɗan Birtaniya, Iain Dodsworth, ya haɗa a 2008, mai jera saƙonni shafi-shafi a gefen juna. Biz Stone, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya faɗa da bakinsa a 2007 cewa zirga-zirgar da ke bi ta API ta ninka ta shafin kamfanin sau goma.

Watan Afrilun 2010 ne ya raba tarihin gida biyu. A cikinsa Fred Wilson, ɗaya daga cikin manyan masu zuba jari a kamfanin, ya rubuta cewa zamanin toshe wa Twitter ramukan da ya bari ya wuce. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar da sayen Tweetie. Sai kuma aka ƙaddamar da saƙonnin talla da ake biyan kuɗi a ɗaga su, kuma duk a makon ne kamfanin ya tara masu manhajoji a babban taronsa na farko mai suna Chirp. Wanda ya duba jerin nan zai ga yadda abubuwan suka ɗauru da juna. Da zarar kamfani ya yanke cewa talla ce abincinsa, to hajarsa ita ce idon mai karatu, kuma duk idon da ke kallon Twitter ta cikin manhajar wani, ido ne da ba a sayar ba. A watan Mayu aka hana manhajojin waje saka tallarsu a cikin jerin saƙonni. A Fabrairun 2011 aka dakatar da UberTwitter da Twidroyd na kamfanin UberMedia, bisa zargin amfani da sunan Twitter da sakaci da sirrin saƙonni. Masu BlackBerry a Nijeriya na wancan zamani za su tuna da UberTwitter, domin ita ce ta dawo aiki da sabon suna, UberSocial. Zarge-zargen suna da tushe, amma kowa ya san UberMedia yana ta sayen manhajoji ɗaya bayan ɗaya, ana kuma raɗe-raɗin ya kusa mallakar TweetDeck, abin da zai sa wani babban kaso na masu amfani da Twitter ya koma ƙarƙashin wani kamfani daban. A Maris, Ryan Sarver, mai kula da hulɗa da masu manhajoji, ya gaya musu ƙarara su daina haɗa manhajar da ke kwaikwayon abin da ta kamfanin ke yi. A Mayu, Twitter ya saye TweetDeck a kan kusan dala miliyan 40.

Dokar da ta fi kowace tasiri ta zo ne a Agustan 2012, daga hannun wani jami'in kamfanin, Michael Sippey. Ba ta haramta manhajojin waje ba. Iyaka ta sa musu: kowace sabuwar manhaja irin wannan tana da tikitin shiga 100,000, kowane mai amfani ya ci guda, in sun ƙare sai da izinin kamfani. Waɗanda suka riga suka wuce wannan adadin an yarda su ninka jama'arsu sau ɗaya, daga nan su tsaya. A duba abin da wannan ke nufi ga mai sana'a. Kamfanin Tapbots, na mutum biyu, Paul Haddad da Mark Jardine, ya fitar da Tweetbot ta kwamfutar Mac a Oktoban 2012 a kan kusan dala 20, farashi mai tsada ƙwarai a wancan lokacin, suka kuma bayyana dalili: tikitin da aka ba su ƙidayayye ne, dole kowanne ya biya kuɗin aikin shekaru masu zuwa. Har roƙon mutane suka yi, wanda ya gwada manhajar bai ci gaba da ita ba ya shiga ya soke izininsa don tikitin ya dawo. Falcon Pro ta Android ta cinye nata a Fabrairun 2013, sai mai ita ya ɗaga farashinta sama da dala 100 da gangan, don kada wani ya saya ya tarar ba ta buɗuwa. Ɗan kasuwa ke nan yana korar masu saye daga shagonsa saboda kayansa sun karɓu. Dokar da ke hukunta nasara ba don kare mai amfani aka yi ta ba, domin da manhajar tana cutarwa, tana cutar da mutum na farko kamar yadda take cutar da na dubu ɗari da ɗaya.

A nan mai kare kamfanin zai ce: ai gidansa ne. Shi ke biyan kuɗin kwamfutoci da wuta da injiniyoyi, masu Tweetbot kuwa suna karanta saƙonni ba su ganin talla ko ɗaya, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma lissafi yana bayanta: a 2021 kuɗin shigar Twitter ya haura dala biliyan 5, kusan kashi 90 cikin 100 daga talla. Sai dai tana tsallake abu biyu. Na farko, rashin talla a manhajojin waje zaɓin kamfanin ne. Ƙofar API tasa ce, yana iya turo tallarsa ta ciki ya wajabta a nuna ta, kuma ya san hanyar, don a ƙarshen 2010 ya gwada hakan da manhajar HootSuite. Yana kuma iya yanka farashi daidai ƙarfin mutane a kan kowane mai amfani, tunda masu irin waɗannan manhajoji dama sun saba biya. Ya bar duk waɗannan hanyoyi saboda abin da yake so ya wuce kuɗin yau: yana so ya zama shi ke yanke abin da ido zai fara gani, shi ke auna daƙiƙa nawa mutum ya tsaya a kan wane saƙo. Na biyu, in za a yi lissafin wa ya ci gumin wa, sai a fara daga 2007. Sunan saƙon, tsuntsun, hoton, binciken, jan yatsan, duk a hannun na waje suka fara. Wasu an saye su, kuma wannan halal ne. Da yawa kwaikwayonsu kawai aka yi. TwitPic ta rufe a 2014 bayan takaddama da kamfanin a kan sunanta, shekara uku bayan Twitter ya fara karɓar hoto da kansa.

Kamfanin kansa ya amsa cewa ya yi ba daidai ba. A 2015 ya yanke wa Meerkat, manhajar watsa bidiyo kai tsaye, hanyar ganin jerin mabiya, daidai lokacin da ya sanar da sayen kishiyarta Periscope. A shekarar ya toshe Politwoops, wadda ke adana saƙonnin da 'yan siyasa suka wallafa suka goge. Sai a watan Oktoba Jack Dorsey, wanda bai daɗe da dawowa shugabanci ba, ya hau mumbari a taron Flight ya ba masu manhajoji haƙuri, ya ce yana son a buɗe sabon shafi. Politwoops ta dawo. Amma a Agustan 2018 aka cire hanyar da manhajojin waje ke samun saƙo nan take da sanarwar waya, abin da aka kawo a madadinta kuma farashinsa dala 2,899 ne a wata don mutum 250. Daga nan iska ta sake juyawa: a 2020 aka fitar da sabuwar API, a farkon 2021 aka ba malaman jami'a damar shiga rumbun kyauta, a Nuwambar 2021 kuma aka goge sharaɗin da ya hana kwaikwayon manhajar kamfani. Masu Tweetbot da Twitterrific sun gaskata wannan gayyata, suka ci gaba da zuba aiki, suna karɓar kuɗin shekara daga masu biyansu.

Akwai hujja ta biyu da ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta sirrin jama'a, kuma daga Facebook ta samo asali. Facebook ya buɗe nasa dandalin ga masu manhajoji a Mayun 2007, ya kuma ci riba sosai, har kamfanin wasanni na Zynga, mai FarmVille, ya kawo masa kashi 12 cikin 100 na kuɗin shigarsa a 2011. Amma ƙofar tasa ta yi faɗi fiye da kima, don manhaja tana iya kwasar bayanan abokan wanda ya saka ta alhali su ba su sani ba. Ta haka wata manhajar tambayoyi ta Aleksandr Kogan, wadda mutum kusan 270,000 suka yi amfani da ita, ta kai ga bayanan mutanen da Facebook ya ƙiyasta za su kai miliyan 87, bayanan kuma suka faɗa hannun Cambridge Analytica, kamfanin da sunansa ya fito a rahotanni kan zaɓen Nijeriya na 2015. A 2019 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Babu mai hankalin da zai ce a bar irin wannan ƙofa a buɗe. To amma a lura da bambanci. Manhajar Kogan tana ɗaukar bayanan wanda bai ba da izini ba, Twitterrific kuwa tana nuna wa mutum saƙonnin da shi ya zaɓi ya bi, da izininsa, kuma yana iya soke izinin duk ranar da ya so. A kuma lura cewa da Facebook ya sanar da rufe hanyar bayanan abokai a Afrilun 2014, ya ba da wa'adin shekara guda, wanda ke nuna rufewa da wa'adi abu ne mai yiwuwa. Sannan ko a can ba sirri ne kaɗai ke jan ragamar ba. Takardun cikin gida da wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya wallafa a Disambar 2018 sun nuna an ba wasu manyan kamfanoni, irin su Netflix da Airbnb, dama ta musamman, sun kuma nuna shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, da kansa ya amince a yanke wa manhajar Vine hanya a ranar da ta fito a Janairun 2013. Vine ta Twitter ce. Kamfanin ya ɗanɗana a hannun Facebook irin abin da yake ɗanɗana wa na ƙasa da shi.

Elon Musk ya kammala sayen Twitter a ƙarshen Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, wani kaso bashi ne da aka ɗora wa kamfanin. Daren Alhamis 12 ga Janairun 2023, agogon Amurka, Tweetbot da Twitterrific da wasu suka daina aiki. Mutum ya buɗe manhaja, ta ce ta kasa tantance shi, ya sake gwadawa, haka. Masu su sun ɗauka matsalar na'ura ce, suka nemi wanda za su tambaya, ba su samu ba, don an sallami yawancin ma'aikatan da ke wannan sashe. Sai ranar 17 ga wata kamfanin ya fitar da gajeren saƙo cewa yana aiwatar da daɗaɗɗun ƙa'idojinsa ne, bai faɗi wace ƙa'ida aka karya ba. Ranar 19 ga wata aka ga an ƙara sabon sharaɗi a yarjejeniyar masu manhajoji, wanda ya haramta haɗa duk abin da zai maye gurbin manhajar kamfanin. Hukunci ya riga doka da mako guda, kuma wannan jerin ranaku shi kaɗai ya isa shaida a kan wanda ke gaba tsakanin ƙa'ida da muradin mai gida. Twitterrific ta rufe tana da shekara 16. Cikin waɗanda abin ya fi taɓawa akwai makafi, waɗanda da yawansu suka dogara da manhajojin waje saboda sun fi dacewa da muryar da ke karanta musu allo, ga shi kuma an riga an rushe sashen kamfanin mai kula da masu buƙata ta musamman tun a Nuwamba.

Abin da ya biyo baya ya zo da hujja ta uku: kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwasar rubutun jama'a kyauta suna horar da na'urorinsu, don haka dole a sa farashi. A bazarar 2023 Twitter ya rufe karatu kyauta ta API, ya sa dala 100 a wata don ɗan abin da bai kai ya kawo ba, babban mataki kuma daga dala 42,000 a wata. Dandalin Reddit ya bi sahu da irin wannan dalili, har Christian Selig, mai manhajar Apollo ta karanta Reddit, ya lissafa cewa sabon farashin zai ci masa kusan dala miliyan 20 a shekara, ya rufe ta ranar 30 ga Yuni duk da dubban zaurukan Reddit da suka yi yajin rufe ƙofa. Damuwar gaskiya ce, amma makullin da ke hannun kamfani yana bambance mai shiga ɗaya da wani, don kowace manhaja da shaidarta. Ana iya caje mai kwasar biliyoyin saƙonni a ƙyale wanda ke yi wa jama'a hidima. Twitter ma ya tabbatar da haka: da hukumar jiragen ƙasa da bas ta New York ta daina wallafa sanarwar zirga-zirga a Afrilu, tana cewa an nemi ta biya dala 50,000 a wata, cikin kwanaki kamfanin ya ja da baya ya keɓe hukumomin gwamnati da na gargaɗin yanayi. Masu bincike ba su sami irin wannan rangwamen ba, kuma nan ne abin ya iso ƙofar gidanmu. A 2022 wasu masana, ciki har da malaman Jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowane harshe cikin Hausa da Igbo da Yarbanci da Pidgin, waɗanda aka bi ɗaya bayan ɗaya aka tantance na yabo da na suka, domin kwamfuta ta koyi fahimtar harsunan. Harshen da rubutunsa bai yawaita a intanet ba ya fi kowa buƙatar irin wannan rumbu, kuma masu nazarinsa su ne suka fi kowa rashin dalar da za su biya a ƙofa. Masu magana da harsunan nan ne suka rubuta saƙonnin, kyauta.

Ana iya cewa masu manhajojin sun san a filin aro suke tun 2011, wanda ya ci gaba da gini shi ya so. Da kamfanin ya tsaya a kan magana ɗaya, da wannan ta zauna. Amma ya ba da haƙuri a 2015, ya sake gayyata a 2020, ya goge haramcin da hannunsa a 2021. Ko a al'adar aron gona, mai gona yakan jira a girbe kafin ya karɓi abinsa, kuma abin da masu manhajojin suka nema bai wuce wannan ba: wa'adi sananne, farashi bayyananne, da dalilin hukunci. Wasunsu sun koma inda makullin ba ya hannun mutum ɗaya. Kafin Janairu ya ƙare Tapbots suka fitar da Ivory don Mastodon, dandalin da dubban masu shi ke gudanarwa bisa buɗaɗɗen tsari, ko da yake jama'arsa ba su kai ko kusa da na Twitter ba, kasuwar kuma ƙarama ce.

Ɗawainiyar rufewar ma a wuyansu ta faɗa. Mutane sun riga sun biya kuɗin shekara ta hannun Apple, kuma tsarin shi ne a mayar musu da na watannin da suka rage daga aljihun mai manhaja, kuɗin da an riga an kashe wajen biyan albashi. A farkon Maris na 2023 Tweetbot da Twitterrific suka fitar da sabuntawa ta ƙarshe. Wanda ya buɗe ba ya ganin saƙo ko ɗaya, sai allo guda mai bayanin abin da ya faru, da maɓalli a ƙasa wanda zai danna in ya yafe ragowar kuɗinsa.